Wa Ya Nemi Auren Donya Chelo?

Karo na uku ke nan Elda Ashby yake buɗe jakar takardun yana dubawa. Takardar haihuwar Don Evaristo tana nan, ta Donya Chelo tana nan, ga sakamakon gwajin jini, ga hotuna. Ya rufe, ya ɗora jakar a cinya ya danne ta da hannu biyu.

"Elda, takardun nan fa ba su da ƙafa," in ji abokin aikinsa Elda Valenzuela. "Bar su su huta."

Suna zaune ne a benci a ofishin rajistar aure na birnin Xalapa, da safiyar Juma'a, ana yayyafi a waje. Elda, wato dattijo, shi ne sunan da cocinsu na Mormon yake kiran duk saurayin da ya tura wa'azi, ko da gemu bai fito masa ba. Ashby shekararsa goma sha tara, ɗan manomin dankali ne daga Idaho a Amurka. Watansa goma sha ɗaya a Meziko yana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane da farar riga da ɗamarar wuya. Kare ya yaga masa wando sau biyu, an watsa masa ruwan wanki daga bene sau ɗaya, an kuma ciyar da shi a gidajen da ba zai iya tunawa da yawansu ba. Amma har yau bai shiga ruwa da kowa ya yi masa baftisma ba. Duk Litinin in ya kira gida, babansa, wanda shi ma ya yi irin wannan aikin a Chile yana saurayi, ba ya tambayarsa kai tsaye. Sai dai ya ce, "Yaya tsohon nan naku mai gyaran takalma?"

Tsohon shi ne Don Evaristo Landa, mai shekara sittin da takwas. Don da Donya laƙabin girmamawa ne da ake yi wa dattijo da dattijuwa a can. Takalmi Ashby ya kai masa gyara wata huɗu da suka wuce, hira ta yi hira. Tun daga nan tsohon ya bar giya, ya bar taba, har kofi ya bari, a garin da ake cewa jariri ma da kofi ake yaye shi. Abu ɗaya ya rage. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune da Donya Chelo, sun haifi 'ya'ya biyar, amma ba a taɓa ɗaura musu aure ba, coci kuwa ba ya yi wa mutum baftisma a haka. Saboda haka yau aure, gobe Asabar baftisma. Ranar Litinin kuma Ashby zai hau mota zuwa bakin teku, inda shugaban mishan ya mayar da shi.

Don Evaristo yana zaune a gefe cikin kwat ɗin aro, ya sha aski, sai murmushi yake yi wa duk wanda ya wuce. Donya Chelo tana kusa da shi cikin riga mai ruwan madara wadda 'yarsu Yesenia ta ɗinka mata. Ta rungume jakar hannunta, tana kallon bango.

"Mama, kin yi kyau yau," in ji Ashby, da Sifaniyancinsa mai ɗingishi.

"Na gode, Jatau," ta ce, ba ta dube shi ba.

Haka take kiransa tun ranar farko, saboda jan gashinsa da fuskarsa da rana ta gasa. Ita 'yar Katolika ce, ta kuma faɗa musu tun da wuri cewa a haka za ta mutu. Amma duk ranar da suka zo karatu da mijinta sai ta ajiye musu wake da waina ta masara, ta tsaya a kansu har su cinye.

Wajen ƙarfe goma da rabi aka kira su tebur. Ma'aikaciyar mace ce mai tabarau, mai fara'a. Ta karɓi takardun daga hannun Ashby tana dubawa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, shekara nawa kuna tare?"

"Arba'in da ɗaya," in ji Don Evaristo, ya ɗaga ƙirji.

"Kai! To me ya sa sai yanzu?"

Tsohon ya yi dariya, ya nuna samarin biyu da babban yatsa. "Waɗannan yaran suka ce dole. In ba takarda, ba ruwa."

Ma'aikaciyar ta yi dariya, Yesenia ta yi, Ashby ma ya yi. Aka ce su koma su zauna, jami'in ɗaurin aure zai kira su in ya gama da na gabansu, amma ƙarfe ɗaya yake tashi. Donya Chelo ta ce za ta zaga bayan gida.

Minti ashirin ba ta dawo ba. Yesenia ta je ta duba, ta dawo da sauri.

"Ba ta ciki. Mai gadi ya ce ya ga wata tsohuwa mai farar riga ta tare motar haya."

"Ko ba ta da lafiya ne?" in ji Don Evaristo.

Yesenia ta kira wayar uwarta. Wayar ta yi ƙara a cikin aljihun kwat ɗin babanta, inda tsohuwar ta ba shi ajiya tun da safe.

"Ku zauna a nan kada layi ya wuce ku," in ji Valenzuela. "Na san inda take."

Valenzuela ɗan Sonora ne daga arewacin Meziko, ya girmi Ashby da shekara ɗaya, saura mako shida ya gama shekara biyunsa ya koma gida. Dokar mishan ta ce abokan aiki ba sa rabuwa, inda ɗaya ya sa ƙafa nan ɗayan zai sa, don haka tare suka fito cikin yayyafin suka shiga bas. Suka tsaya riƙe da ƙarfe, an matse su tsakanin 'yan makaranta da wani mutum mai buhun lemu.

"Ina za mu?" in ji Ashby.

"Kasuwa. Uwata ma in ranta ya ɓaci ba ɗaki take shiga ba, wajen tukunya take zuwa."

"Me aka yi mata?"

Valenzuela ya dube shi. "Kai ba ka ji komai ba a teburin can?"

"Na ji an yi dariya."

"To."

A can ƙarshen kasuwa, bayan masu furanni, suka same ta. Ta buɗe rumfarta ta sayar da abinci, ta ɗaura tsohon ƙyallen aiki a kan rigar auren, ta ɗora tukunya. Tururi yana tashi, ƙamshin tamal, ƙullin masara da aka naɗe da ganyen ayaba, ya cika wurin. Direbobi biyu suna zaune suna ci. Da ta gan su ba ta yi mamaki ba. Ta nuna musu benci da ludayi.

"Ku zauna."

"Mama, ana jiranmu a..."

"Na ce ku zauna. Tun safe ba abin da kuka ci, na gani."

Suka zauna. Ta ajiye wa kowa tamal biyu da kofin kunun masara. Ashby ya dubi agogo. Sha ɗaya da rabi ta wuce. Ya ɓare ganyen ya kai loma ɗaya baki, ya ajiye sauran.

"Mama, in maganar da Don Evaristo ya yi ce, wasa yake yi."

"Ba wasa yake ba. Gaskiya ya faɗa. Mutumin nan bai iya ƙarya ba, shi ya sa ma na zauna da shi." Ta sallami direbobin, ta goge tebur, sannan ta jawo kujera ta zauna gabansa. "Jatau, zan tambaye ka abu ɗaya. Wa ya nemi aurena?"

Ashby ya ajiye kofin kunun.

"Ka tuna mana. Ranar Talata ce. Kuna zaune a falona, ni ina shigowa da kwanon wake. Wa ya ce, Donya Chelo, dole ne ku yi aure?"

"Ni ne."

"Wa ya fito da kalanda ya zaɓi rana?"

"Ni ne."

"Wa ya je har ƙauyenmu ya nemo takardar haihuwata? Wa ya kai ni aka ɗebi jinina?" Ta buɗe hannu. "To ai kai ka nemi aurena, ba shi ba. In auren ne, kai ya kamata in aura."

Mai furannin da ke maƙwabtaka da ita ta fashe da dariya. "Chelo, ki karɓa mana! Yaro ɗanye, ga takardar shiga Amurka!"

"Rufe mana baki, Tomasa." Donya Chelo ba ta yi dariya ba. Fuskar Ashby ta yi ja har kunne.

Ya tuna ranar. Sai da ya haddace jimlar tun a gida don kada ya yi kuskure. Da ya faɗa, Don Evaristo ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa, ita kuma ta ajiye kwanon ta koma kicin. Shi a ganinsa wannan yarda ce. Har ya rubuta wa shugaban mishan a wasiƙar makon cewa iyalin sun amince da farin ciki.

"Ina da shekara ashirin da biyu na bi shi," ta ce. "Ubana bai ƙara yi mini magana ba har ya mutu. Da na haifi na fari na ce yanzu zai tambaya. Da na haifi na biyar na daina cewa. Shekara talatin ina roƙonsa ya bar giya. Na yi kuka, na yi faɗa, na kunna kyandir a coci har fada, limamin cocin, ya gaji da ganina. Ku kun zo da littafinku, wata biyu ya bari. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, ban taɓa yi muku baƙin ciki ba. Amma yau a gaban mutane an tambaye shi dalili, ya nuna ku." Ta miƙe ta buɗe murfin tukunya, tururi ya rufe mata fuska. "Ku ci abincinku kada ya huce."

Valenzuela ya matso kusa da kunnen Ashby. "Saura awa ɗaya da kwata. A kawo tsohon nan, ya tambaye ta da bakinsa, mu koma. Abin da take so ke nan. Ba zamba ba ce, ai yana son ta."

Ashby ya ga maganar ta yi daidai. Ya kira Yesenia, ya ce su shigo tasi, ya kuma sa aka ba tsohon wayar.

"Don Evaristo, kai za ka tambaye ta. Da kanka."

"In tambaye ta me?"

"Ko za ta aure ka."

"To ba shi muka zo yi ba?"

Sha biyu da minti goma suka iso. Don Evaristo ya shigo kasuwa yana haki, ruwa ya jiƙa kafaɗun kwat ɗin. Masu rumfuna suka bar abin da suke yi. Tomasa ta zaro fure ɗaya ta cusa masa a hannu. Ya tsaya gaban rumfar matarsa, ya cire hula, ya gyara murya.

"Tsohuwa."

"Ina jin ka, tsoho."

"Kin san dai... mun daɗe. Yaran nan sun sha wahala a kan takardun nan. Mutumin ofis kuma ƙarfe ɗaya yake tashi. To... za ki aure ni?"

Yana gama faɗa ya waiwayo ya dubi Ashby, girarsa a ɗage, kamar ɗan makarantar da ya kawo hadda yana jiran malam ya ce daidai ne.

Donya Chelo ta ga wannan waiwayen. Ashby kuma ya ga ta gani. Ta ɗauki ludayi ta ci gaba da juya kunu.

Ashby ya dubi agogo. Da tasi minti ashirin ne zuwa ofis. Ya san abin da zai faɗa in yana so ta tashi. Zai ce mata ranar Litinin zai bar garin, zai ce mata bai taɓa yi wa kowa baftisma ba, zai ce ta yi dominsa. Ya kuma san za ta tashi, don wata huɗu tana ciyar da shi kamar ɗanta. Za ta cire ƙyallen nan, ta shiga tasi, ta sa hannu.

Ya miƙe.

"Don Evaristo, ba za a yi baftisma gobe ba."

Valenzuela ya taɓa masa hannu. "Elda."

"An ɗaga. Ba gobe ba, ba wani mako ba. Ba rana." Sifaniyancin yana fitowa a karkace, bai damu ba. "Ni na sa ranar nan, ba ku ba. Laifina ne. Na cire ta."

"Yaro, me kake faɗa?" Muryar tsohon ta tashi. "Wata huɗu ban sha kofi ba! Na gayyaci ƙanena tun daga Cordoba! Kai ne ka ce Allah yana jirana!"

"Yana jira. Ba ƙarfe ɗaya yake tashi ba."

Tomasa ta sake fashewa da dariya, sai ta ga ita kaɗai take yi, ta kama bakinta.

Ashby ya ɗauki jakar takardun daga hannun Yesenia, ya ajiye ta a kan tebur kusa da Donya Chelo, nesa da inda kunu zai zuba.

"Mama, naki ne. Ki yi haƙuri."

Ta dubi jakar, ta dube shi. "Ba ka cinye tamal ɗinka ba."

Ya zauna ya cinye. Valenzuela ma ya cinye nasa. Don Evaristo yana tsaye da fure a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba. Daga baya ya cire kwat ɗin ya rataye a ƙusa, ya naɗe hannun riga, ya zauna a kan akwatin lemu a bayan rumfar ya fara wanke kofuna. Matarsa ba ta hana shi ba. Da samarin suka tashi tafiya, agogon kasuwa ya nuna ɗaya saura kwata.

Sai da suka kai tashar bas Valenzuela ya ce, "Ka san da ka matsa mata, da ta je."

"Na sani."

"Ka san kuma baftismar nan ni ma tawa ce. Ta ƙarshe kafin in tafi gida."

Ashby ya tsaya. Bai yi tunanin wannan ba ko kaɗan. "Ya kamata in tambaye ka."

"Ya kamata." Valenzuela ya share ruwan da ke goshinsa. "Kai dai ba ka iya tambayar mutane ba, Jatau. Wannan ita ce matsalarka." Ya ɗan ture shi da kafaɗa. "Kai za ka kira bishop. Kai kuma za ka gaya wa matan coci su daina gasa kek. Ni ba ruwana."

Ashby ya kira bishop ɗin unguwarsu, wanda direban motar ɗaukar kaya ne, ya same shi a hanya. Bishop ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, haka abin yake wani lokaci," ya ce zai leƙa su ranar Lahadi. Shugabar matan coci ba ta ɗauke shi da sauƙi haka ba, don ta riga ta fasa ƙwai goma sha biyu. Sauran yinin suka yi shi kamar kullum. Suka ƙwanƙwasa ƙofofi a wata sabuwar unguwa a kan tudu. Wani mutum ya ce matarsa ba ta nan, wata mata ta ce mijinta ba ya nan, wani saurayi ya shigar da su don kawai ya gwada Turancinsa.

Ƙarfe biyar na Juma'a lokacin karatunsu ne da Don Evaristo. Ashby ya ce kada su je, Valenzuela ya ce alkawari ne. Suka je.

Donya Chelo ce ta buɗe ƙofa. Ta sauya riga. Daga ciki ana jin ƙarar guduma a kan takalmi.

"Yau ba karatu," ta ce. "Ya ce kunyarku yake ji."

"Ba komai, Mama. Sallama na zo yi. Litinin zan tafi."

"Na sani, Yesenia ta faɗa mini ɗazu. Da ka faɗa a kasuwa ai da na bi ka."

"Shi ya sa ban faɗa ba."

Ta waiwaya ciki, ta jawo ƙofar a bayanta, ta rage murya.

"Ya sake tambaya. Bayan kowa ya watse, muna rufe rumfa. Ba wanda ya kalla sai ni."

"Me kika ce?"

"Ban ce komai ba. Shekara arba'in da ɗaya ya ɗauka kafin ya tambaya. Ni ma zan ɗan ɗauki lokaci." Ta gyara masa wuyan riga da ya karkace. "Can bakin teku zafi ne, ka riƙa sa hula. In ka kira uwarka ka gaishe ta."

Kafin duhu suka koma ɗakinsu. Valenzuela ya shiga wanka. Ashby ya zauna a tebur ya jawo littafin unguwa, inda kowane mai wa'azi yake barin bayani kan mutanen da yake koyarwa domin wanda zai gaje shi. Ya buɗe shafin Don Evaristo. A sama akwai ranar gobe da ya rubuta da jan biro, ya zagaye ta sau biyu. Ya ja layi ɗaya a kanta. Ya daɗe riƙe da biron kafin ya rubuta a ƙasa:

"Don Evaristo a shirye yake. Ku ci gaba da zuwa Talata da Juma'a. Takardun aure suna hannun Donya Chelo. Kada ku tambaye ta rana. Ita za ta faɗa muku."